Gicciye a Kafaɗar Limami

"Ɗauko min goron neman aurenki da mutanen Affala sunka kawo! A mai da musu abinsu!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Rahamatu, gari ya watse mata a ƙafa.

Malam Alƙasum ne tsaye a tsakar gida, ko takalmin kasuwa bai cire ba. Mutumin da ya shekara talatin yana sauke fataken shanu a gidansa ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, yau ga shi yana tsawa.

"Baba... lahiya?"

"Ina lahiya! Da idona na gan shi, Rahamatu! Ma'azun naki, tsakiyar kasuwar Tawa, rana tsaka, da gicciyen Nasara bisa kahwaɗa!"

Gwaggo Delu, ƙanwar Malam, ta fito daga ɗaki tana tafa hannu. Da ma kunnenta a bakin ƙofa yake kwana.

"Ban hwaɗa ba? Ɗan lakwal, ɗan boko, ai sai a hankali! Allah shi yi wa Inusa albarka da ya nuna maka. Yaro ga aikin biro, ma'aikacin ohis, ga keke, ga kunya, ga shi yana son Rahamatu..."

Rahamatu ta sunkuya ta ɗauki rariyarta. Idonta a bushe yake. Ita ba ta cikin 'yan matan da ake yi wa tsawa su narke.

Kuma ta san abin da babu wanda ya sani a gidan.

Ita ce ta aike shi.

Kwalejin horar da malamai da ke bakin gari, inda Rahamatu da Ma'azu ke karatu, ɗakin ibada ɗaya gare ta, wani tsohon sito mai rufin kwano. Musulmi ke salla a ciki duk mako. Ranar Lahadi da safe sai su naɗe tabarmi, su share, su shigo da bencina, ɗalibai Kirista su rataye gicciyensu a ƙusa su yi addu'a. Mushe Kojo, wato Malam Kojo da Faransanci, wani dattijon malami ɗan Dahome, shi ya tsara haka, shi ne kuma uban Kiristocin. Da aka sallami ma'aikata 'yan Dahome suka koma ƙasarsu, sai ya rasa wanda zai bar wa 'yan yaran nan da ba su taka kara sun karya ba. Ya duba ya duba, ya kira Ma'azu, ɗan ajin ƙarshe mai yi wa ɗalibai limanci, ya danƙa masa mabuɗin ɗakin.

Tun daga ranar Ma'azu ya zama na kowa. Wanda aka yi wa rasuwa a gida, wurinsa. Wanda ya faɗi jarrabawa yana son gudu, wurinsa. Har yaran ƙauyukan arna da ba sa shiga ɗakin ko wace rana, a gindin bishiyar bedi suke samunsa su sauke abin da ke ransu.

Wannan halin ne ya kama Rahamatu. Ba kyau ba, don Ma'azu dogo ne siriri, kunnuwansa kuma Allah ya yi musu yalwa.

To, a makon nan Madalen 'yar Dogon Dutsi, wadda gadonta ke kusa da na Rahamatu, ta buɗe zanen da ake naɗe gicciyen ta tarar gara ta cinye gindinsa. Ta zauna tana kuka kamar an aiko mata da mutuwa, don shi kaɗai Mushe Kojo ya bar musu. Rahamatu ba ta iya ganin hawaye. Ta ɗauka ta kai wa Ma'azu, ta ce ya kai wa kafinta. Shi kuma, da yake zuciyarsa ɗaya ce, ya saɓa shi a kafaɗa tsirara ya ratsa kasuwa.

Washegari da aka tashi daga aji ta same shi a gindin bedi.

"Ma'azu, kai ko zane ba ka iya naɗewa?"

Ya sosa ƙeya.

"Zanen ma gara ta taɓa shi... Rahamu, ban yi zaton komi ba. Na gamu da Inusa bakin ƙohwa, ya tambaye ni, na hwaɗa mishi komi. Har ya ce Allah shi ba da lada."

"Sannan ya hau keke ya riga ka kasuwa."

"Haka na gani daga baya."

Ta zauna a kan saiwar bishiyar, ɗan nesa da shi. Ya dube ta, duk fara'ar nan tasa ta gudu.

"Babanki ya aiko in zo ran Alhamis. Ina roƙonki abu guda, hasken idona... kada ki ce ke kinka aike ni."

"Don mi?"

"In ya ji, hidda ki zai yi daga lakwal. Wata nawa ya rage ki zama malama? Ni in an hana ni ke, zan mutu a tsaye, amma dai na san kin kai inda kike so."

 Ta so ta yi kuka, ta so ta rufe shi da faɗa, ta rasa wanda za ta fara.

"Wa ya ce maka ana raba min so da karatu, a ce in zaɓi guda?"

"Rahamu..."

"Duka biyu nawa na, Ma'azu. Kai dai zo ran Alhamis. Ka sa rigar kirki."

Ranar Alhamis babu aji, don haka tana gida. Ta laɓe a bayan ƙofar zaure tana jin komai. Malam Alƙasum na kan buzunsa. Inusa ma ya zo, wai gaisuwa ta kawo shi, ya jingine kekensa inda kowa zai gani.

"Ma'azu," in ji Malam, "ban ce ka bar addini ba. Na san gidanku. Amma surukina ba ya zama ɗan aiken coci. Ka mai da mabuɗin nan, ka hita sha'anin yaran nan, in manta abin da na gani."



Rahamatu ta dafe ƙirji. Ta san in ya ce to, an gama, za a ɗaura musu aure. Ta kuma san in ya ce to, ba shi ne mutumin da take so ba.

"Baba, ka gahwarce ni," Ma'azu ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amana ce anka ba ni. Yaran nan ba su da kowa garin ga. In na sake su don in samu mata, da wane ido zan tsaya gaban mutane in ce Allahu akbar?"

"To ka zaɓa ke nan."

Inusa ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta mutanen biro.

"Ai Baba, wanda ya saba da..."

"Salamu alaikum."

Duk suka juya. Rahamatu ta shigo da lulluɓinta, ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Wa ya kira ki cikin maza?"

"Ba kowa, Baba. Magana ce tawa ake yi, na ga bai kamata a ƙare ta ba ni. Gicciyen nan ni na ɗauko shi da hannuna. Ni na ce ya kai wa kahinta."

"Rahamu!" Ma'azu ya runtse ido.

Malam Alƙasum ya yi kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Ke? Ke da na koya wa Fatiha bisa cinyata?"

"Ni, Baba. Kuma ban sake salla ko guda ba. Ƙawata na gani tana kuka, na share mata hawaye. Inusa ma ya san haka. Bakin ƙohwar lakwal anka hwaɗa mishi komi, har ya sa albarka, kahin ya zo ya jawo ka layin kahintoci. Ko ba haka ba, Inusa?"

Inusa ya kau da kai. Ya shiga duba agogonsa kamar yau ya fara ganinsa. Malam ya yi masa kallo ɗaya, sai ga shi ya tuna ana jiransa a wani wuri. Ƙarar kekensa kawai aka ji.

Amma fushin Malam bai bi shi ba.

"Munahuncin wani bai wanke ku ba. Ki koma ki haɗa kayanki. Ran Lahadi in kasuwa ta tashi zan aiko a ɗauko ki. Lakwal ta ƙare, zancen Affala ya ƙare."

Daga cikin gida aka ji Gwaggo Delu ta ce, "Madalla!"

Rahamatu ba ta tashi ba.

"Na ji, Baba. Amma kada ka aiko. Ka zo da kanka, kahin azahar."

"Ran kasuwa? In bar baƙina da shanunsu a kara?"

"Baba, ko akuya ba ka yanke wa kuɗi sai ka zagaya ta gaba da baya. Ka ga abin da Ma'azu ya ɗauka. Ba ka ga abin da su suke ɗauka ba. In ka gani ka ce in biyo ka, wallahi ko waiwaye ba ni yi."

"Tashi ki ba ni wuri!"

Ta tashi. Daga baya ta wuce Ma'azu a soro zai tafi, ta ga idonsa ya yi ja.

"Kin kashe mu, masoyiya..."

"Ka dai tabbata an cika randa ran Lahadi," ta ce, ta wuce abinta.

Ranar Lahadi tun da hantsi ta fito da akwatinta na ƙarfe, ta ajiye a gindin bedi, ta zauna a kai. Daga cikin sito muryoyin su Madalen na tashi da waƙar addu'a. Rana ta take. Ma'azu ya kai ya kawo, ya kai ya kawo, har ta ce masa ya zauna kada ya haƙa rami.

"Ba zai zo ba, Rahamu. Bai taɓa barin kara ba."

Ta gyara zama a kan akwatin. Idonta na kan hanya.

Sai ga farar riga daga nesa.

Malam Alƙasum ne, da sandarsa, kashin shanu har a gefen takalmi. Bai kalli kowa ba. Ya tsaya daga waje, fuska a murtuke, yana jin waƙar da bai taɓa tsayawa ya ji ba. Aka ce amin, aka buɗe ƙofa.

Samari suka fara fitowa da bencina, bibbiyu, suna jerawa a jikin bango. Madalen ta sauke gicciyen daga ƙusa, ta naɗe shi a sabon zane, ta sa a kabad. Ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin tas. Waɗansu suka warware tabarmi suna daidaita su gabas, ɗaya har yana tsugunawa ya ga ko sahu ya miƙe. Wani ya bi butoci yana cikawa daga randa.

Malam ya tare Madalen a bakin ƙofa.

"Ke ɗiyata. Wa ya sa ku wannan aiki?"

Ta russuna.

"Ba wanda ya sa mu, Baba. Su sunka share muna da sahe. Kuma in ana azumi mu muke dama musu kunu, tun da mu muna iya ɗanɗanawa."

Ta ɗauko buta ta miƙa masa da hannu biyu.

Rahamatu ta zuba wa mahaifinta ido.

Malam ya daɗe yana kallon butar. Sannan ya jingine sandarsa, ya karɓa, ya tsuguna.

Da aka ta da iƙama Ma'azu ya ja da baya.

"Bismilla, Baba. Kai ne babba."

"Wuce. Taka na zo gani."

Rahamatu ta bi sahun 'yan mata a baya. Ba ta taɓa yin sallar da ta yi mata tsawo kamar wannan ba. Da aka sallame ta riga kowa fita, ta tsaya kusa da akwatinta.

Malam ya fito yana gyara hula, Ma'azu na biye da shi kamar wanda za a yanke wa hukunci.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Kana gaggawa a ruku'u. Ka gyara."

"To, Baba."

"Kuma in katakon nan nasu ya sake lalacewa, ka naɗe shi kahin ka ratsa min kasuwa. Ina da abokan hulɗa."

"In sha Allahu, Baba..."

"Ka ce wa magabatanka su zo bayan kaka. Ba ni son jan magana."

Ma'azu ya zube a ƙasa, godiyar ma ta ƙi fita daidai. Malam ya juya ga 'yarsa. Ya so ya ci gaba da ɗaure fuska, abin ya gagara.

"Ke kuma, uwar iya magana, mi kike jira da akwati a rana? Mai da shi. Kin sa na bar baƙina a hannun yara."

"Allah shi ƙara girma, Baba."

Sai a lokacin hawayen suka zubo mata, masu ɗumi, na daɗi. Malam ya ɗauki sandarsa ya nufi kasuwa da sauri, yana gunaguni shi kaɗai. Madalen ta rungume ta tana tsalle.

Ma'azu ya share fuska, ya sunkuya ya tattara ƙarfinsa zai ɗaga akwatin. Akwati ya taso sama kamar ƙwarya, har ya kusa faɗuwa da baya.

Ya girgiza shi. Shiru.

"Rahamu... ba komi ciki!"

Ta goge ido da bakin lulluɓi, ta dube shi tana murmushi.

"Kai ne ba ka san Baba ba, abin ƙaunata. Ni ubana ne."