Gwaten Acca a Gidan Hajiya

Ummulkhairi na tsugune a tsakar gidansu da ke Tarauni tana wanke tukunya ta ji tsayuwar babur ɗin mijinta. Da Khalid ya shigo ba fuskarsa ta fara duba ba, langar da ke hannunsa ta duba. Ƙullin da ta yi wa tsumman murfin da hantsi yana nan yadda ta ɗaure shi.

"Yau ma?"

Khalid ya ajiye langar a hankali, ya zauna a bakin rijiya, ko farar rigarsa ta nas bai cire ba.

Shekara uku ke nan da aurensu, kuma duk mako sai ta girka abinci ta aika wa surukarta Hajiya Zainab a Gyaɗi-Gyaɗi, kamar yadda kowace matar ɗa ta kirki take yi. Tuwon shinkafa da miyar taushe, funkaso, dambu, babu girkin Kanawan da ba ta koya ba don Hajiya. Amma ko murfi Hajiya ba ta taɓa ɗagawa ba. Laifin Ummulkhairi ɗaya ne: mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, 'yar Kafancan ce, Janet ake kiranta kafin ta musulunta ta zama Hauwa, danginta kuwa har gobe suna zuwa coci. A shekarar nan sojoji ma sun haƙura da mulki sun koma bariki, amma Hajiya ko gezau!

"Ummu, wannan karon abin ya wuce maganar langa," in ji Khalid. "Kwana uku ke nan Hajiya ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwa. Ta rantse ba za ta ci ba sai ta ga takardar sakinki a hannunta. In kuwa na ƙi, ba ta yafe min nonon da na sha ba."

"Innalillahi! Mai ciwon suga? Kwana uku?"

"Ni nas ne, na san inda wannan hanyar take ɓullewa. Na roƙe ta mu je asibiti a sa mata ƙarin ruwa, ta ce in na taɓa ta sai ta tsine min. Ummu, ya zan yi? Wallahi kaina ya kulle!"

Ta share hannunta a zani, ta durƙusa a gabansa. Zuciyarta kamar ta tsage, amma ta danne.

"Ka rubuta."

"Me? Haba Ummu, ba zan iya ba, ni dai..."

"Ka rubuta, Yaya Khalid! Ina sonka, Allah ne shaidata, amma ba zan zama ajalin mahaifiyarka ba. Ni na san zafin rashin uwa."

Nan suka haɗa kai suna kuka, tuwon da ke langa ya huce babu wanda ya kalle shi.

Washegari Khalid ya fita zuwa Gyaɗi-Gyaɗi da biro a aljihu, ita kuma ta shiga haɗa kayanta. A can ƙasan kwandon kicin ta ci karo da wani ƙullin leda. Acca ce, wadda Inna Esther, ƙanwar mahaifiyarta da ke koyarwa a Babban Giji, ta kawo mata tsaraba tun watannin baya. Ɓoye ta ta yi, don tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa dafa abincin garin uwarta ba, gudun kada ƙamshi ya tona abin da ake goranta mata.

Ta ce a ranta, yau kuma me ya rage da za a ɓoye? Ta rege accar a ƙwarya har yashin ya fita tas, ta ɗora ƙashi ya dahu, ta zuba yakuwa da gauta da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Da tukunyar ta fara ɓararraka sai ga mahaifiyarta a idonta, ranar Asabar ana ruwan sama, tana hura mata ludayi tana cewa, "Sha, Ummuna, wanda ya sha gwate ba ya kwana da kuka." Ta zuba a kwano, ta kai ludayi baki, sai ta mayar da shi cikin kwanon ba ta sha ba.

Sai ta tuna da surukinta Malam Ɗahiru, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda shi kaɗai ne a gidan yake amsa gaisuwarta da fara'a. Bai kamata ta bar zuri'arsa ba ta yi masa sallama ba, kuma ba ta iya zuwa hannu rabbana. Ta juye gwaten a langa, ta zura hijabi, ta tari tasi.

Ta tarar da Hajiya kwance kan tabarma a baranda, ta faɗa, leɓunanta sun bushe. Khalid na durƙushe a gefenta da farar takarda a cinya, da biro a hannunsa. Malam Ɗahiru na kan kujerarsa yana jan carbi, ransa a ɓace.

Ummulkhairi ta zube ta gaishe su. Hajiya ta juya fuskarta bango.

"Baba, sallama na zo yi muku. Hajiya, don Allah duk abin da na yi miki ki yafe min, ki ci abinci. Yau zan tafi." Ta tura langar gaban tsohon. "Wannan naka ne, Baba. Ba abincin Kano ba ne, ka yi haƙuri, na gidanmu ne."

Malam Ɗahiru ya kwance tsumman ya ɗaga murfi. Tururi ya tashi, ƙamshin yakuwa da gyaɗa ya cika barandar. Tsohon ya ƙura wa langar ido har carbin ya zame daga hannunsa.

"Zainabu," ya ce a hankali, "juyo ki ga."

"Ba na gani!"

"Ai hancinki ya riga ya gani. Khalidu, ajiye biron nan ka saurara. A Kafancan aka haife ka, a kwatas ɗin reluwe, ba mu da kowa a garin. Uwarka ta yi kwana biyar babu ɗigon nono, kana tsala ihu har muryarka ta dushe, na fidda rai da kai. Maƙwabciyarmu Maman Samuel, matar wani direban jirgi, ita ta shigo da kwano irin wannan. Kwana arba'in tana dafa wa uwarka ruwan wanka, tana ɗura mata gwaten acca safe da yamma, ranar Lahadi ma sai ta kawo kafin ta wuce coci. A kwana na biyu nono ya zo." Ya juya ga matarsa. "Nonon da kike rantsuwa da shi za ki raba yaron nan da matarsa, Zainabu, gaya min, wace tukunya ce ta kawo shi?"

Kafaɗun Hajiya suka fara girgiza, can sai kuka ya ƙwace mata.

"Maman Samuel! Wayyo Allah, har muka baro garin ban aika mata ko goro ba! Shekara talatin, Malam!"

Ta yunƙura ta kasa, Ummulkhairi ta yi wuf ta tallafe ta. Karo na farko ke nan da jikinsu ya taɓa haɗuwa, kuma Hajiya ba ta ture ta ba.

"Wa ya koya miki?"

"Mamata, Hajiya."

"Miƙo ludayi."

Ummulkhairi ta ɗebo, ta hura kamar yadda aka riƙa hura mata, ta kai bakin surukarta. Hajiya ta haɗiye, ta lumshe ido, hawaye na bin kuncinta. Sai da ta sha ludayi goma sannan ta kalli ɗanta.

"Kai kuma me kake jira da wannan takardar? Yaga ta, sakarai! Da sai ka rubuta?"

Khalid ya yayyaga ta yana dariya yana kuka. Hajiya ta riƙo hannun Ummulkhairi ta ce, "Ki yafe min, 'yata. Na ci alherin mutanenku na goge baki, na zo ina zubar da naki."

Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, Ummulkhairi kuwa shekara uku ta yi tana iza wuta. Kuma kafin mutum ya raina asalin wani, ya fara tuna hannuwan da suka ciyar da shi ranar da ba shi da kowa.

Ran Juma'a Khalid ya dawo daga Gyaɗi-Gyaɗi, Ummulkhairi ta duba hannunsa kamar yadda ta saba. Langar a wanke take fes, da kwalbar turare a ciki.

"Akwai saƙo," in ji shi yana murmushi. "Hajiya ta ce a gaya miki gyaɗar ta yi kaɗan, ta Maman Samuel ta fi kauri. Wai gobe a ƙara."