Garin Fulawa a Gwangwanin Madara

Da sassafe mai reno ta ɓare sabon gwangwanin madarar jarirai a gidan marayu, ta dama, sai abin ya yi ƙulli kamar za a kwaɓa burodi. Ta ɗanɗana, ta tofar. Garin fulawa ne.

Kafin a gama karin kumallo, Shugabar gidan ta yanke hukunci a gaban kowa: Malama ce ɓarauniyar. Makullin sito yana hannun Malama a wannan makon, kuma ita ta ɗauko gwangwanin.

"Da azahar zan kira 'yan sanda," in ji Shugaba. "Baƙuwa ce, su san yadda za su yi da fasfonta."

Malama yarinya ce da ta baro ƙasarsu ta zo koyar da yara kyauta. Jirgi ɗaya suka shigo da Sajan, tsohon ɗan sandan da zaman ritaya ya gundura, ya biyo ƙungiyar sa-kai yana koya wa yara lissafi da ɗaurin igiyar takalmi. Mutum ne da kujera ba ta riƙe shi. Ya tarar da Malama a aji tana naɗe zanen yara.

"Baba, idan suka rubuta ni ɓarauniya, da wane ido zan kalli mahaifiyata?"

"Ajiye kukan tukuna, 'yata. Daga ina kika ɗauko gwangwanin?"

"Daga kwalin da aka kawo jiya. Yana can baya."

"Me ya kai ki baya? Ai dokar gidan nan, sabo a tura baya, tsoho a ci daga gaba."

"Wani yaro ya yi amai a gaban kantar, ban so in taka ba. Na miƙa hannu ta gefe."

Sajan ya fita, ya dawo, ya sake fita. Ya shiga sito ya girgiza gwangwanayen baya ɗaya bayan ɗaya a kunnensa. Madara tana zuba sulɓi, fulawa kuwa faɗuwa take dim. Ya ware na kwalin jiya da ya ji nauyinsu bai yi masa ba, ya kuma sami irinsu a tsakiyar layi, waɗanda suka riga Malama zuwa ƙasar.

Ya leƙa kicin, tunda nan fulawa take. Inna mai girki ba ta ko ɗago daga yankan albasa ba.

"Inna, ana cigiyar madara."

"To ka caje ni, ranka ya daɗe, amma ka fara wanke hannu. Ni da nake dama wa yara kullum, in zan sata ai cokali-cokali zan kwasa. Wa zai zauna liƙe marfi? Ga buhuna can, duba."

Bakin buhun a ɗinke yake, tun na kanti. Wanda take ɗiba yanzu kuwa garin alkama ne mai duhu, na cikin gwangwanin fari ne tas.

Sajan ya koma kan gwangwanin. Masu reno da ƙotar cokali suke huda takardar azurfar da ke ƙarƙashin marfi, don kullum ɗayan hannun yana riƙe da jariri. Wannan kuwa an bi gefenta da reza a tsanake, an mayar an liƙe. Ya kai hanci. Sholisho, gam ɗin facin taya.

Rana ta riga ta hau katanga. Ya ji Shugaba a ofis tana neman lambar caji ofis. Ya nufi gareji da sauri har gwiwarsa na ƙara. Direban gidan yana wanke mota yana fito.

"Ɗana, jiya ka yi latti da kaya."

"Faci na yi, Baba. Hanyar nan ba ta da mutunci."

"Wancan makon ma faci?"

"Haka Allah ya so."

"Wace tayar?"

Direba ya nuna ta baya da ƙafa. Sajan ya durƙusa ya shafa notocin. Tsatsa da busasshen laka sun haɗe su, sifana ba ta taɓa su ba tun damina. Ya buɗe akwatin kayan gyara. Ga bututun sholisho an matse shi ya kusa ƙarewa, ga faci cikin ledarsu ba a taɓa ko ɗaya ba, ga reza. A ƙarƙashin shimfiɗar but ɗin motar, farin gari ya cika tsagar ƙarfe.

Fiton Direba ya tsaya.

A gaban Shugaba, Sajan ya yi bayani a tsaye, don an ba shi kujera ya ƙi.

"A hanya yake tsayawa, ya juye madarar ya sayar, ya cika da fulawa. Ya san duk abin da ya kawo baya za a tura shi, ba za a buɗe ba sai an yi watanni. Kafin nan 'yan sa-kan da suka riƙe makulli sun hau jirgi. Wanda ya tafi kuwa ba ya nan balle ya rantse. Abin da bai lissafa ba shi ne baƙuwa za ta miƙa hannu ta inda ba a sabawa."

Direba ya ce yana da iyali. Inna, daga bakin ƙofa, ta ce su kuma jariran ba su da shi.

Shugaba ta kira 'yan sandan, amma ba don wadda ta yi niyya ba. Bayan an tafi da Direba, ta daɗe tana juya makullin siton da ta karɓe da safe a tafinta, sannan ta tura shi gaban Malama.

"Makonki bai ƙare ba."

Malama ta dubi makullin, ba ta ɗauka nan take ba.

"A gaban kowa kika kira ni ɓarauniya, ranki ya daɗe."

Shugaba ta miƙe ta buɗe ƙofar ofis.

"Inna, tara mini kowa a tsakar gida. Har yaran."