Motar da Aka Janyo daga Sahara

Sabi'u ba ya satar mota, abin cikinta yake kwashewa. Duk garin Tanout babu mai saurin hannunsa. Kafin ya taɓa ƙofa yakan dafa murfin inji. In da ɗumi, mai ita na kusa.

A daren nan ya tarar da wata mota a bayan tasha, an janyo ta daga hanyar Agadez. Ya dafa, sanyi ƙalau. Ya zura waya ya buɗe, ya zauna a kujerar direba yana kwance rediyo.

Ciki kuwa zafi kamar tsakar rana. Yashi na zubo masa a wuya daga rufi. Sai ya ji numfashi a bayansa, ba na mutum ɗaya ba.

"Direba, ka dawo?" Muryar mace ce, busasshiya.

"Baiwar Allah, ba ni ba ne."

"Ga ka a kujerarka. Ka ce mu jira, za ka nemo ruwa. Yaran sun daina kuka tuntuni."

Ya tura ƙofa da kafaɗa, ta ƙi motsi. Ya leƙa ta gilashi. Babu tasha, babu fitilun gari, sai tuddan yashi iya ganinsa.