Kafintan da Ya Koyi Karatu a Waya

Mugun hali ne mutum ya nemi yabo da aikin da ba shi ya yi ba. Ku saurara ku ji wanda halin nan ya kayar.

Akwai wata malama mai koya wa manya karatu ta waya. Takan jingine wayar a kan tebur, ta tsaya gaban allo, ɗalibai su bi ta daga shagunansu. Ranar da ƙafar teburin ta karye, aka kira mata wani saurayi kafinta. Ta miƙa masa takardar awo. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce idonsa ke ciwo.

Ta yi murmushi. "Wannan ciwon ina da maganinsa. Kawo lambar wayarka."

Wata shida yana goge katako, waya a gefe tana koya masa baƙaƙe. Saƙon farko da ya rubuta da kansa, ita ya tura wa:

"Malamata, yau na karanta allon shagona. Na gode. Ina sonki."

Ta amsa: "Ɗalibina na kaina, ka ci jarrabawa. Zo ka gaida Baba."

Baba kuwa ya ce atafau. "Wanda jiya-jiya ya koyi riƙe biro? Ga ɗan abokina mai digiri, saƙonsa kamar zuma!"

Gaskiya ne, mai digiri yakan turo mata dogayen saƙonni, har mutane kan kai masa takarda ya rubuta musu. Sai ran nan ya turo wannan:

"Ga saƙon soyayyar da ka nema. Sa sunan budurwar a nan. Ya ke hasken idona, ba na iya barci sai da tunaninki."

Ashe manhajar waya ke rubuta masa, garin gaggawa ya kwaso har da bayaninta. Malama ta karanta wa Baba. Tsoho ya sa aka kira samarin biyu. Ya karɓe wayoyinsu, ya ba kowa takarda.

"Kowa ya rubuta abin da zai yi wa 'yata."

Mai digiri ya tauna biro har ya gaji. "Baba, ni sai da waya tunani ke zo mini."

Kafinta ya haɗa gumi, ya rubuta: "Zan riƙe ta da gaskiya. Ba zan hana ta koyarwa ba. Ni ma ba zan daina karatu ba."

Baba ya karanta sau biyu, ya fashe da dariya. "Rubutun kamar kaza ta yi tsere a kai, amma naka ne. Ɗana, na ba ka."

Ranar aure ɗalibanta suka cika gidan, direbobi da teloli da masu shago, da yawa ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Baba ya dafa kan ango da amarya, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.

Shi kuwa mai digiri, ku ƙirga tare da ni. Ya rasa mata. Ya rasa girmansa wurin abokin ubansa. Kuma har yau babu wanda ya ƙara kawo masa takarda ya rubuta.