Kore Ba Ya Magana da Ruwan Ɗorawa

A cikin adaidaita sahu suka haɗu a Gumel, suka sha hira har Gagarawa Tasha. Sai a ƙofar kamfanin irin shuka kowa ya rataya katinsa: na Juwairiyya kore, na Abdulganiyu ruwan ɗorawa.

Kamfanin yana haɗa sabon irin riɗi a asirce. Masu kore suna ɗakin gwaji, masu ruwan ɗorawa suna gona, kuma an haramta musu magana da juna, har da dangin juna. Wai kada sirri ya fita. Ko gaisuwa laifi ce.

Amma zuciya ina ruwanta da kati? A ɓoye Abdulganiyu yake turo mata saƙo ta waya, tana ba shi amsa.

"Hasken idona, na gan ki a bakin famfo na kau da kai. Ki yafe min."

"Na yafe, Ganina. Ni ma kukan na haɗiye."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Malam Sha'aibu ya tura Kawu Cindo bincike. A Damagaram yaron ya tashi, abokan aikinsa kaɗai suka san halinsa. Suna jin Kawu dangin mai kore ne, kowa ya sunkuyar da kai ya wuce.

"Yaya, duk wanda na tambaya sai ya yi gum," in ji Kawu. "Ka san abin da shiru ke nufi a bincike."

"Baba, wallahi doka ce ta hana su!"

"Wace doka ce za ta hana mutum ya ce ɗan'uwansa na kirki ne? Akwai abin da suke rufewa, Juwairiyya."

Ta daina cin abinci, ta rame. Saƙon Abdulganiyu ya iske ta a kwance.

"Na ajiye aikin, Hasken idona. Yanzu ni ba nasu ba ne. Ki ce Kawu ya koma."

Ganin abin da ya sadaukar, abokan aikinsa suka yi watsi da dokar; wannan karon har rige-rigen yabonsa suke a gaban Kawu, wani ma da hawaye.

Aka ɗaura aure bayan girbi, ango ba aikin yi. Riɗin da ya yi rainonsa tun yana tsiro ya fita kasuwa, ba a ko ambace shi ba.

Malam Sha'aibu ya daɗe riƙe da hannun ango.

"Mun sa ka yi asara, ɗana. Allah ya mayar maka da alheri, ya albarkaci zamanku."

Daga cikin mayafi Juwairiyya ta ce amin, ta fashe da kuka.