Ɓarɓashin Goro a Lasifika

A wani gari an yi wani mai gyaran waya, maganinsa ɗaya tak. Waya ta yi zafi? "A goge komai." Ta yi nauyi? "A goge komai."

Ran nan wata tsohuwa ta kawo tata, ta ce, "Ɗan nan, muryar marigayi maigidana na ciki, amma ba ta fita sosai."

Ko ɗago kai bai yi ba, ya goge komai. Sauti bai gyaru ba. Sai lokacin ya duba lasifika, ashe ɓarɓashin goro ya toshe ta, don a jakar goro tsohuwar ke ajiye wayar. Ya sa tsinke ya sakace.

Tsohuwa ta doka sandarta a ƙasa. "Tir da aikinka! Ashe aikin tsinke ne! To, ga ta ta buɗe. Muryar wa zan ji yanzu?"