Mai Tumbi da Dutsen da Wutarsa Ta Mutu

Ku matso, jikokina, ga ta nan.

A wata ƙasa mai yawan ruwan sama akwai wani dutse da ya taɓa aman wuta tun zamanin kakannin kakanni. Wutar ta mutu, bakinsa ya zama tafki can a ƙoli, amma ba shi da suna. Dattawa suka ce duk wanda ya hau da ƙafarsa ya ɗebo ruwan tafkin, sunansa za a sa wa dutsen.

To, akwai wani mai tumbi, ga son girma, ga lalaci. Ya ce, "Dutsen nan sunana zai ci."

Ya yi taku goma ya zauna. Ya ƙara goma ya zauna. Da ya ga abin ba na wasa ba ne, sai ya sa ƙannensa biyu suka goya shi, wannan ya gaji wancan ya karɓa, har ƙoli, har ƙasa.

Ya shigo gari yana ɗaga gora yana cewa, "Na hau! Na hau!"

Wata tsohuwa ta dubi ƙafarsa, ta dubi ta ƙannensa. Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Baƙar tokar dutsen ta kai musu har gwiwa, kai kuwa ƙafarka fes kamar ta jariri. Fiffike gare ka?"

Aka kwashe da dariya. Tun ran nan ake kiran wurin Dutsen Goyo. Sunan mutumin kuwa, wallahi ko ni ban riƙe ba.